Awo Biyu

Shekara goma sha tara ina auna alkama
a rumbun ƙarfe na bakin layin dogo,
can arewacin Dakota, inda ƙasa ta baje kamar faifai.
Mota ta hau sikeli da kaya, in rubuta.
Ta juye, ta dawo fayau, in sake rubutawa.
Abin da ke tsakanin awo biyun nan shi ne gumin manomi,
ban taɓa tauye wa kowa ko mudu ɗaya ba.

Yau ni aka ɗora a sikeli.

Jami'ar jiharmu, mil arba'in daga nan,
wadda ake hango hayaƙin ɗumamarta kafin gininta,
ta jera sharuɗɗan mai neman digiri na biyu.
Na manna takardar a jikin firij
da maganaɗisu mai siffar masara.

Maki uku cikin huɗu, in ji su, kada ya gaza.
Nawa biyu da ɗigo bakwai.
Ɗigo ukun da suka ɓace na san inda suke:
suna asibitin Grand Forks, hawa na huɗu,
hunturun da huhun babana ya daina karɓar iska,
littafin kimiyyar ƙasa a kan cinyata,
idona a kan ƙirjinsa.
Takardar sakamako ba ta da gurbin wannan.

Wasiƙa uku daga waɗanda suka san ƙwazona.
Farfesa Lindqvist ya riga mu gidan gaskiya.
Malama Odegaard tana gidan tsofaffi,
na kai mata kek, ta riƙe hannuna gam,
ta kira ni da sunan ƙanwarta.
Na ukun ya amsa daga Arizona, layi ɗaya tal:
"Tuna mini, wace shekara ce?"

Sai na koma wa Duane, shugabana a rumbu,
wanda bai taɓa rubuta abin da ya wuce rasit ba.
Kwana uku yana rubutawa yana gogewa,
ya miƙo mini yana kallon takalminsa:
"Lorna ba ta kuskuren lissafi.
In kun ɗauke ta mun shiga uku,
amma ku ɗauke ta."

Bayanin manufa, kalma ɗari biyar.
Tawa manufar ba ta kai hamsin ba:
gishiri na tasowa a gonakinmu,
fari fat kamar an yi ɓarin gari,
motocin su Tvedt na raguwa nauyi kowace kaka,
ni na fara gani, a allon sikeli,
kuma ina so in san dalili.
Sauran ɗari huɗu da hamsin
na cika su kamar mai cusa ciyawa a matashi.

Dala talatin da biyar, ba a mayarwa.
Na tura ana saura kwana biyu a rufe,
ɗana Wyatt na tsaye a kaina yana dariya,
wai hannuna na rawa kamar na mai satar nama.

Mako shida allon na cewa ana dubawa.
Na ce a raina, mutanen nan sau ɗaya suke awo,
sun haɗa ni da motar da ta ɗauko ni.

Ranar Laraba, ina tsakar share ƙanƙara a bakin ƙofa,
wata mata ta kira, muryarta da mura:
"Mun karɓe ki, amma da sharaɗi.
Darasi uku, ki ci kowanne da kyau.
In ɗaya ya zame, shi ke nan."

Na ce to. Na ce na gode, sau biyu.
Awo na biyu ke nan, na san shi.

Darasin farko Talata ne, ƙarfe shida na yamma.
Rediyo ya ce za a yi iska,
tayoyina kuwa sun sha hanya.